Dalar Gyaɗa da Ƙwayar Ashana: Bashin da Ya Gina Gidan Ɗantata

Tsakanin tashar jirgin ƙasa ta Kano da Fagge da bakin Sabon Gari akwai wani ɗan yanki da mutum zai ratsa da ƙafa bai gaji ba, amma a cikinsa aka ƙulla kaso mai tsoka na dukiyar da ƙasar Hausa ta gani a rabin farko na ƙarni na 20. Nan kantunan Turawa suka yi layi, nan Kwarori suka buɗe shaguna, nan aka riƙa ɗora gyaɗa a sikeli ana loda ta a taragu sai Ikko. Albarkacin wannan yanki ne Alhassan Ɗantata, wanda ya taso yana fataucin goro, ya kai matsayin da lokacin rasuwarsa a 1955 ake lissafa shi a kan gaba cikin attajiran Afirka ta Yamma baki ɗaya. In aka tambayi mutane sirrin abin, amsa biyu aka fi ji. Wasu su ce jirgi ne ya zo ya same shi a bakin hanya, wasu su ce Turawa ne suka ɗaga shi. Duka biyun da ƙamshin gaskiya, amma ba su gamsar ba, don jirgin bai zo wa mutum ɗaya ba, Turawan ma ba shi kaɗai suka ba kuɗi ba. Abin da nake ganin ya gina gidan, ya kuma hana shi rushewa, shi ne irin bashin da aka yi kasuwancin da shi: bashi ne da ake ba wanda aka sani, a kan kayan da ido ke gani, a kuma rufe lissafinsa kowace kaka. Don nauyin wannan magana ya fito, zan ajiye labarin kusa da na wani ɗan zamaninsa, Ivar Kreuger na ƙasar Suwidin, wanda daularsa ta ninka ta Ɗantata nesa ba kusa ba, ta kuma wargaje cikin 'yan makonni.

Jirgin da kansa ba don gyaɗa aka kawo shi ba. An fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Neja, a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard wanda da ma injiniyan reluwe ne. Dogon ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912, aka haɗe shi da layin da ya taso daga Ikko. Abin da masu masaƙun Ingila ke hange auduga ce, kuma ƙungiyarsu ta British Cotton Growing Association tana cikin waɗanda suka matsa a gina layin. Manomin Kano kuwa ya yi nasa lissafin. Audugarsa tana da masu saye a gida, masu kaɗi da masaƙa da marina, waɗanda ke biyan fiye da abin da Bature ke tayawa. Gyaɗa kuwa tana son jigawa irin ta ƙasar Kano, ana cusa ta tsakanin gero da dawa, in kasuwa ta ƙi a ci ta, a matse mai, a soya ƙuliƙuli, harawa ta tafi wa dabbobi. A daidai lokacin kuma masana'antun Turai sun samo dabarar daskarar da man tsirrai ya zama man shafa wa burodi, suka shiga neman gyaɗa ido rufe. Sakamakon ya ba kowa mamaki: gyaɗar da Nijeriya ke fitarwa, wadda ba ta wuce 'yan dubban tan ba kafin zuwan jirgi, ta kai wajen tan 19,000 a 1913, ta haura tan 50,000 a 1916. Kayan sun fi ƙarfin taragu tun daga kakar farko.

To, wa ya tattaro wannan gyaɗar? Ba Bature ba ne. Wakilin kamfanin Neja ko na John Holt yana zaune a filin da aka yanka wa kamfanoni a wajen ganuwa, kusa da tasha. Ba ya jin Hausa sosai, bai san wanda ke da rumbu a Gezawa ko Bichi ba, bai san ranar da kasuwar Wudil ke ci ba, balle ya san wanda in an ba shi kuɗi zai dawo. Yana da jari, yana da jirgin ruwa, yana da mai saye a Turai, amma ba shi da hanyar da kuɗinsa zai shiga ƙauye ya dawo a matsayin buhu. Masu wannan hanya tuni suna nan cikin birni, kuma goro ne ya hore su. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun shafe fiye da ƙarni suna kai ayari Gwanja, suna sauka Salaga, daga baya Kumasi, su dawo da goro bayan wata da watanni. Ayari ba ya tafiya sai da madugu, zango ba ya karɓar baƙo sai da mai masauki da zai tsaya masa, ciniki ba ya faɗawa sai da dillali. Kowane mataki a cikin wannan sana'a dukiyar wani ce a hannun wani, a nesa da idon mai ita. Mutane irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo, da suka riga Ɗantata shiga harkar gyaɗa, da wannan gado suka shigo. Jirgi ya rage tsawon tafiya da tsadarta, amma tsarin riƙon amanar da ya sa aka iya cika taragun ya girmi jirgin.

Alhassan ɗan wannan gado ne gaba da baya. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin gidan Agalawa. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Akara da zama. Da ya tasa ya bi hanyar Gwanja, kuma yana cikin na farko-farkon da suka gane cewa goron da ake ɗaukowa a kan jaki ta daji ana iya ɗora shi a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau zuwa Ikko. Ya kamata a tsaya kaɗan a kan goron nan, don shi ne makarantar. Goro ba ya jira. Ana jera shi cikin ganye a ɗaure huhu, a riƙa yi masa yayyafi kada ya bushe, kuma ba a cika ruwa kada ya ruɓe. Lokaci lokaci sai an kwance huhun, a bi shi ɗaya bayan ɗaya da hannu, a tsame wanda sankara ta kama kafin ya ɓata na kusa da shi, a sake ganye, a sake ɗauri. Falken da ya yi kwanaki bai buɗe kayansa ba yana iya isa kasuwa da rabin jarinsa a ruɓe. Wanda ya girma a wannan sana'a ba ya yarda da labarin kaya sai ya sa hannu ya taɓa, kuma ya san cewa ɓarna ƙarama da aka ƙyale yau ita ce asarar gobe. Da wannan tarbiyya Ɗantata ya dawo Kano ya zauna a unguwar Sarari daidai lokacin da jirgi ya fara aiki, kuma a 1918 kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa.

Yadda harkar ke tafiya ba ɓoyayyen abu ba ne. Kafin kaka kamfani zai ba babban ɗan kasuwa kuɗi, wani lokaci haɗe da kaya kamar atamfa da gishiri. Shi kuma ya rarraba wa yaransa, amintattun da ke yi masa saye, kowa da yankin da ya sani. Su ma suna da nasu yaran a kasuwannin ƙauye. Da an cire gyaɗa, mata sun ɓare ta a turmi, sai jakuna da raƙuma su fara kwararowa da taiki cike. A wurin awo akwai mai sikeli, akwai akawu da littafinsa, akwai mai zura hannu cikin buhu ya ɗebo ya murza, ya ga ko an cuɗa da yashi ko tsakuwa, ko ba ta gama bushewa ba. An auna, an rubuta, an ɗinke baki, 'yan dako su sunkuta. Dalar gyaɗa, wadda ake danganta fara ta ga Ɗantata, haka take tashi: a shimfiɗa gindi mai faɗi, kowane sahu ya ɗan shige ciki, leburori suna taka buhunan a matsayin matakala da wani buhun a ka, har dala guda ta ci buhu wajen 15,000. Abin lura a nan shi ne kuɗin da ya fita da damina dole ya dawo da rani a siffar da kowa zai iya ƙirgawa. Yaron da aka ba fam ɗari, ko ya kawo gyaɗar fam ɗari, ko ya kawo canji, ko ya zo ya yi bayani gaban wanda ya san ubansa da surukinsa da masallacin da yake salla. In ya ci amana, ba kotu ce babbar barazanarsa ba. Barazanar ita ce baɗi babu mai ba shi ko sule, daga Fagge har Gwanja.

A shekarun nan dai, a can arewacin Turai, wani mutum yana gina tasa daular a kan abin da ya fi gyaɗa ƙanƙanta. An haifi Ivar Kreuger a garin Kalmar a 1880, shekara uku bayan Ɗantata. Injiniya ne. A 1908 shi da abokinsa Paul Toll suka kafa kamfanin gine-gine na Kreuger & Toll, a 1917 kuma ya haɗe masana'antun ashana na ƙasarsa suka zama kamfani guda, wanda duniya ta sani da Swedish Match. Dabararsa ta gaba ita ta sa aka yi masa laƙabi da Sarkin Ashana. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatocin Turai suna cikin talauci, kuɗi kuma yana Amurka. Sai ya kafa International Match Corporation a can a 1923, ya riƙa tara kuɗin masu zuba jari, ya ranta wa gwamnatoci, su kuma su ba shi ikon sayar da ashana shi kaɗai a ƙasashensu ko wani babban rabo na kasuwar. Ya fara da Polan a 1925, ya ranta wa Faransa dala miliyan 75 a 1927, ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 125 da Jamus a 1929. Zuwa 1930 fiye da rabin ashanar da ake yi a duniya tana ƙarƙashinsa, ga hannun jari a kamfanin waya na Ericsson, ga ma'adinin zinariya na Boliden, ga dazuzzuka da masana'antun takarda. Shi ma, kamar Ɗantata, da kuɗin mutane yake aiki, kuma shi ma yarda ce jarinsa na gaskiya.

Bambancin yana wurin abin da mai ba da kuɗin ke iya gani. Kreuger ya saƙa ɗaruruwan kamfanoni a ƙasashe daban-daban, wannan yana bin wancan bashi, wancan yana riƙe da hannun jarin wannan, kuma cikakken lissafin yana kansa shi kaɗai. Masu bincikar littattafai sukan karɓi abin da ya faɗa, don ribar da yake rabawa duk shekara tana da daɗi, ba mai son tambayar da za ta ɓata ta. Alhali wani ɓangare na ribar nan daga sabon kuɗin da ake zubawa take fitowa, haƙa sabon rami don a cike tsoho. Da kasuwar hannun jari ta Amurka ta faɗi a 1929, sabon kuɗi ya fara ƙafewa. A 1931 ya nemi sayar da rabonsa na Ericsson ga kamfanin ITT na Amurka, masu sayen suka tura a duba littattafai, aka tarar kuɗin da aka rubuta suna ajiye babu su, cinikin ya warware. Ranar 12 ga Maris 1932 aka same shi a mace da harbin bindiga a gidansa na Paris, hukuma ta ce shi ya kashe kansa. Binciken da ya biyo baya ya tono takardun bashin gwamnatin Italiya na jabu a cikin ajiyarsa. Dubban mutane a Suwidin da Amurka suka yi asarar abin da suka tara, firaministan Suwidin Carl Ekman ya sauka a shekarar saboda kuɗin da ya karɓa daga hannunsa, kuma badaƙalar tana cikin abubuwan da suka sa Amurka ta yi dokar 1933 mai tilasta wa masu sayar da hannun jari su bayyana lissafinsu. Babu wata kaka da ta taɓa tilasta wa Kreuger ya tara kadararsa a fili a ƙirga. Ranar farko da wani ya dage sai ya gani da idonsa, ranar ginin ya fara tsagewa.

Kada a ɗauka irin iskar da ta kayar da Kreuger ba ta kaɗa a Kano ba. Ta kaɗa har sau biyu. A farkon 1920 kamfanin Lever Brothers ya sayi kamfanin Neja a kan sama da fam miliyan 8, watanni kaɗan bayan haka farashin kayan gona ya rikito, har Lever da kansa ya kusa durƙushewa. Bayan 1929 kuma, shekarar da aka haɗe kamfanin Neja da wani babban abokin hamayyarsa aka sami UAC, farashin gyaɗa a tashar Kano ya faɗi warwas, ya daɗe bai tashi ba. 'Yan kasuwa da dama sun tafi da waɗannan guguwowi. Gidan Ɗantata ya fita daga cikinsu da ƙarfinsa, kuma dalilin yana cikin tsarin da na bayyana. Bashin da ake rufewa duk shekara ba ya samun damar taruwa a ɓoye har ya fi ƙarfin mai shi: in bana ta yi muni, an sani tun bana, a rage abin da za a fitar baɗi. Ga shi kuma bai tsaya kan gyaɗa kaɗai ba, yana goro, yana shanu, yana tufafi da duwatsun ado da hatsi. Shahararren labarin nan da ake bayarwa, cewa a 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 reshen Bank of British West Africa na Kano, mutane sukan ji shi a matsayin labarin yawan dukiya. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne siffar dukiyar. A shekarar da Kreuger ke alkawarin miliyoyin da bai riƙe a hannu ba, attajirin Kano yana da tsabar kuɗin da sai an ɗora wa dabba.

Akwai masu cewa duk wannan ado ne, gaskiyar magana Ɗantata yaron Turawa ne kawai, babban dillalin UAC, wanda ya yi ƙiba da ragowar abin da suka bari. Ba zan raina wannan suka ba, don rabinta gaskiya ce. Ba a Kano ake yanke farashi ba, a kasuwannin Turai ne. Jiragen ruwa na Turawa ne, banki nasu ne kuma ba ya sakin rance ga baƙar fata cikin sauƙi, manyan kamfanonin sukan haɗa baki su tsayar da abin da za su taya, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa aka raba musu kason saye gwargwadon abin da kowannensu ya saba saya, wanda hakan ya toshe ƙofa ga sabon shiga. Ɗan ƙasa bai da hanyar kai gyaɗarsa Turai da kansa. Amma sukar ba ta amsa tambayar da ke gabanmu ba. Mutane da yawa sun karɓi irin wannan kuɗi daga irin waɗannan kamfanoni, Hausawa da Yarabawa da Larabawa da Kwarori, kuma akasarinsu ko sunansu ba a tunawa. In da jarin Bature ne ke yin attajiri, da sun yi yawa. Abin da kamfanin ke saya a wurin Ɗantata shi ne abin da ba ya iya ƙerawa da kansa, wato tabbacin cewa kuɗin da ya shiga ƙauye ɗari zai fito. Wanda ke da wannan tabbaci ba a sallamarsa cikin sauƙi, kuma da dama ta samu a farkon shekarun 1950, gidan ya karɓi lasin saye na kansa daga hukumar gyaɗa, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da kamfanonin da dā yake yi wa aiki.

Suka ta biyu ta fi ciwo, kuma ita ce ta manomi. Harajin da Turawa suka ce sai da kuɗi za a biya shi ne ya tura mutane da yawa gonar gyaɗa, ba sha'awa kaɗai ba. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta faɗo a daidai farkon wannan harka, ta kashe mutane masu yawa a ƙasar Kano. Manomin da hatsinsa ya ƙare da tsakiyar damina yakan karɓi kuɗi a kan gyaɗar da ba ta nuna ba, a farashin da mai ba da kuɗin ya ga dama, kuma danne sikeli ba baƙon abu ba ne a wuraren awo. Dole a faɗa a fili: hasken da na ce yana cikin tsarin ya fi haska sama fiye da ƙasa. Kamfani yana ganin abin da attajiri ya kawo, attajiri yana ganin abin da yaronsa ya kawo, amma manomi ba ya ganin nawa aka sayar da buhunsa a Turai. Abin da ya rage masa na kariya shi ne masu saye suna da yawa kuma suna gasa, shi ma yana iya mayar da gonarsa gero in farashi bai yi masa ba. Wannan kariya ce ta gaske, amma siririya ce. Don haka da'awata ba ta kai a ce tsarin adali ne ga kowa ba. Iyakarta ita ce tsarin ba ya barin ƙarya ta daɗe a tsakanin mai jari da mai juya shi, kuma wannan ne ya ba shi tsawon rai.

Wani kuma zai ce, to, ai Kreuger ko da ya yi ha'inci ya bar masana'antu, Swedish Match da Ericsson sun rayu bayansa, Ɗantata kuwa saye da sayarwa kawai ya yi. Amsar farko ita ce abin da ya rayu daga daular Kreuger shi ne ainihin ɓangaren da ake iya gani a taɓa, injuna da ma'aikata da ma'adinai. Ɓangaren takarda, wanda shi ne ƙirƙirarsa ta musamman, shi ne ya ƙone da dukiyar mutane. Wannan ƙarfafa hujjata yake yi. Amsa ta biyu ita ce mulkin mallaka bai shirya Kano don ta sarrafa komai ba: an gina dogon ne ya kwashi ɗanyen kaya zuwa teku, matsar man gyaɗa ta inji ba ta kankama a garin ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da ƙofa ta ɗan buɗe, Ɗantata yana cikin attajiran da suka haɗa jari a Kano Citizens Trading Company, wanda ya buɗe masaƙa a shekarun 1950.

Abin takaici, duhun da ya cutar da gyaɗar Kano daga baya ba daga 'yan kasuwa ya fito ba. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 aikinta ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita ke yanke farashi guda na shekara, ita kaɗai ke sayarwa waje. Manufar da aka faɗa mai kyau ce: a ajiye rarar shekarar albarka a tallafa wa manomi a shekarar tsanani. Amma farashin da ake ba shi ya zauna ƙasa da na duniya shekara da shekaru, rarar ta zama kuɗin shigar gwamnati, an yi ayyukan raya ƙasa da wani ɓangare, manomin da ya noma ta kuwa bai da ta cewa kan yadda ake kashe ta, kuma gasar farashin da a dā take ɗan kare shi ta tafi. Manyan dalolin da muke alfahari da hotunansu ma, wani ɓangare na tsayinsu shaida ce cewa reluwe ta kasa kwashe kayan a kan kari. Nijeriya ta kai sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa a shekarun 1960, sannan fari na 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa ta biyo a 1975, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. Manomin da aka daɗe ana biya ƙasa da guminsa bai ga dalilin dagewa ba. Lokacin da aka rushe hukumomin ciniki a 1986, filayen dala sun daɗe da zama fayau.

Gidan kuwa bai tafi da gyaɗar ba, kuma a nan ne tsarin ya gamu da jarrabawarsa mafi wuya. Amanar da ta dogara ga sanin fuska tana da rauni guda: tana zaune a kan mutum ɗaya, kuma mutum yana mutuwa. Gidajen fatake da yawa sun watse da an raba gado, kowane magaji ya ja nasa, yaran gida suka kama gabansu, basussukan da marigayi kaɗai ya san da su suka bi iska. Alhassan ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955 bayan ya ja hankalin 'ya'yansa su riƙe harkar tare, kuma ya bar ta a siffar kamfani, Alhassan Dantata & Sons. Ahmadu ya fara jagoranci, Aminu ya karɓa bayansa ya faɗaɗa zuwa gine-gine da wasu fannoni har rasuwarsa a 2025, Sanusi ya gina tasa harkar mai faɗi, kuma ta wajen Mariya 'yar Sanusi aka sami Aliko Ɗangote. Daular Ɗangote ta siminti da sukari da matatar mai ta wuce girman da sanin uba da suruki zai iya tsare ta. Tana cin bashin bankuna da na kasuwar hannun jari, irin kuɗin da Kreuger ya yi wasa da su, don haka kamfanin simintin, da ke kasuwar hannun jari ta Nijeriya tun 2010, dole ya buga lissafinsa da masu bincike na waje suka duba. Aikin da sikeli da dala suka yi a bakin tasha, yanzu littafi ne ke yin sa.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne tsakiya. A Kantin Kwari da kasuwar Singa da Dawanau har gobe ana ɗaukar kayan miliyoyin naira a kan kalma, kuma galibi kalmar tana cika. Amma harkoki da yawa sun girma sun wuce abin da maigida zai iya bi da idonsa, kaya suna tasowa daga Sin da Dubai, kuɗi yana yawo ta waya tsakanin mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba, alhali ba su kai ga rubutaccen lissafin da wani na waje zai duba ba. Babu kakar da ke tilasta a rufe littafi, babu kuma dokar da ta maye gurbinta a aikace. A irin wannan gurbi ne masu alkawarin riba mai ninkawa ke samun shiga, kamar yadda MMM ta kwashi kuɗin 'yan Nijeriya kafin ta daskarar da asusunsu a Disamban 2016. A irin sa ne kuma magada ke buɗe shagon mahaifinsu bayan sadakar arba'in su tarar masu cewa suna bin sa sun yi layi, waɗanda yake bi kuwa babu takardar da ta ambaci sunansu.